Man Shanu a Jinin Hudu

Turai ta Birchi ba ta taɓa kama sunan Hudu ba. Ɗanta na fari ne, kunya ta hana ta ko haɗa ido da shi. Abin da baki ya kasa faɗi sai man shanu ya faɗa: duk ranar kasuwar Kurfi sai ta cika ɗan kwano ta ba direban lori ya kai masa makarantar kwana a Dutsin-Ma. Amma yaro kullum kamar karan dawa! Abin na cin ta a rai, gani take duk wahalarta ba ta shiga jikinsa.

Ran nan aka ce likitoci za su ɗebi jinin 'yan makaranta su auna maiƙon da ke ciki, kuma kada wanda ya karya kumallo. Haba! A zuƙi jinin yaro ciki ba komai? Ta bi lori, ta kwana gidan ƙanwarta, da sassafe ta isa bayan makaranta da ɗumame, man shanu har iyo yake a kai. Ta sa aka kira shi, ta ajiye masa, ta kau da kai.

"Inna, an hana mu ci."

"Kai dai ci."

Da hantsi ta raɓe jikin tagar ɗakin da ake awon. Malam Atiku, malamin asibiti, ya jera kwalaben jini cikin wata na'ura mai hannu, ya yi ta juyawa. Da ya tsaya, ja ya kwanta ƙasa, ruwa garau ya taso sama. Na kowa haka. Na Hudu kuwa fari fat, kamar madara.

"Hudu, me ka ci?"

Yaro ya saci kallon taga. Malam Atiku ya gane, ya yi dariya.

"Inna, kin ɓata mana awo, sai mu sake gobe. Farin nan man da kika ba shi ne. A riƙa ragewa, in ya yi yawa yakan toshe hanyar jini in an girma."

Turai ta dafa taga. Ikon Allah! Man da ta kaɗa da hannunta, ga shi cikin jinin ɗanta.

"Malam, duk wanda nake aikowa nan yake zuwa?"

"Nan, har zuciya."

Ba ta san sa'ad da bakinta ya kuɓuce ba. "Hudu..."

Yaron ya waiwayo firgigit. Bai taɓa jin sunansa da muryar nan ba.