Gara, Ɓera da Badaru

"Ɗago ni, Huseina, in ga ko sun bushe," in ji Inna Safara'u.

Na tallafo ta daga tabarma. Takardun littattafan mahaifinta suna baje a tsakar gida, na danne su da duwatsu, tawadar duk ta narke. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, kuma a gabanta matan unguwarmu suka yi karatu. Shekarar da gero ya gagari talaka, ɗan wanta Badaru ya kwance kwanon ɗakinta ya rufa ma'ajiyar hatsin da yake kaiwa kasuwar Dawanau. Ya ce zai sa a yi mata jinka. Ruwan Agusta ya riga shi. Ya jiƙa littattafan, sanyi ya kama ƙirjinta.

"Kada ki ja masa Allah ya isa," ta ce, tana tari. "Jinina ne."

"Ni ba jinina ba ne, Inna."

Ta rasu ranar kasuwar Tsanyawa, unguwa ba kowa sai mu mata.

Bayan sadakar bakwai Badaru ya kwaso littattafan a buhu ya kawo cibiyar da nake aiki kusa da Rijiyar Zaki a Kano. A can ake ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a ɗora a intanet, ni kuma in shigar da bayanansu a kwamfuta: wa ya wallafa, wa ya kwafa, daga hannun wa ya fito, me ya ɓata shafi. Na sha rana a tasha da yunwa a aji kafin in samu kujerar nan, yana cikin masu yi min dariya.

"'Yar boko, ki rubuta sunana da kyau. Alhaji Badaru, wanda ya sadaukar. An ce har Turai za a gani?"

"Har inda ba ka zato, Alhaji."

A gurbin abin da ya ɓata shafi, zaɓi huɗu ne: gara, ɓera, ruwa, wuta. Na ƙara na biyar. Duk shafin da tawada ta narke, na rubuta Badaru.

Shugabanmu Dokta Tasi'u ya kira ni ofis.

"Malama Huseina, wannan ba ya cikin ƙa'ida. Ruwa za ki sa."

"Ruwa bai hau tsani da guduma ba, Dokta."

"Ki gyara, ko ki ajiye katinki na aiki."

"Zan gyara. Amma kai ka koya mana, duk gyaran da aka yi sai an bayyana shi a tarihin gyara, kuma ba a gogewa."

Na koma na mayar da kowane shafi ruwa. A ƙarƙashin kowanne na rubuta: an cire sunan Alhaji Badaru daga masu ɓarna, bisa umarni. Na sa sunana da kwanan wata. A gurbin mai littafi kuwa, Safara'u 'yar Malam Khalilu.

Haka aka ɗora su a intanet. Ƙarshen wata ba a sabunta kwantiragina ba. Na hau bas na dawo gida ban sunkuyar da kai ba.

Da la'asar na leƙa ta katanga. Ɗakinta na nan ba rufi. Duwatsun suna jere inda na bar su, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu.