Baƙin Ɗigo a Kwalba ta Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi a ɗakin bincike tana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ita ta kama hannun ƙanwarta Auta ta kawo ta wurin. Kafin a ankara Auta ta zama Dakta, an ba ta ɗaki mai taga da wasu mitsi-mitsin zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsar ƙuda. Aikin Yaya ya koma kai mata tsutsa duk Litinin.

Baƙi in sun zo, sai su wuce ƙofar Yaya suna toshe hanci. A gida kuma Inna ta ce, "Wato ke ce mai dafa wa ƙwarin Auta abinci?" Kowa ya kwashe da dariya. Yaya ma ta yi, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Kwatsam sai zanzaron Auta suka daina ƙyanƙyashewa. Yaya ta ɗauki tsutsa daga kwalba ta bakwai, inda take ɗibar wa Auta, ta sa a madubin ƙara girma. Ga baƙin ɗigo a cikinta. Jinin tsutsar ne yake naɗe ƙwan zanzaron har ya kashe shi. Ta zana abin a littafinta, ta sa kwanan wata, ta ja bakinta ta tsuke. Ta ci gaba da kai tsutsa daga kwalbar.

Mako uku Auta tana wanke kwalabe, tana sauya zafin ɗaki, duk ta rame. Ranar da Farfesa, shugaban sashen, ya yi mata faɗa a gaban mutane, Yaya ta ji wani sanyi a ranta. Abincin rana kuwa ture shi gefe ta yi.

Washegari Auta ta shigo ta zube a kujera. "Yaya, ni kam na gaza."

Yaya ta jima tana goge teburin da ba datti, sannan ta ce, "Zo ki leƙa nan."

Auta ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Tun yaushe kika ga wannan?"

"Jiya."

Littafin yana buɗe a gefe. Idon Auta ya sauka kan kwanan watan, na mako uku da suka wuce. Ta fita ta gaya wa Farfesa cewa yayarta ce ta gano.

Sunan Yaya aka sa a farkon takardar binciken da aka wallafa. Amma Auta aka tura ta yi bayani a taro, wai ita ta iya magana. Yaya na zaune a layi na uku, tana jin tafin nan kamar mari.

A mota, kan hanyar gida, Auta ta rage murya ta ce, "Da kin gaya mini tun farko, Yaya."

"Ai na gaya miki."

Auta ta kunna rediyo. Shi suka saurara har suka isa ƙofar Inna.