Sa Hannun Maman Lawali

Maman Lawali ya ajiye biro a kan teburin ƙarfe, ya ce shi ba zai sa hannu ba.

Maƙeri ne a Sabon Gari, shekara talatin yana haɗa ƙofofi da amalanke. Damina uku ya kwashe yana fama da injin sussukar gero da ya harhaɗa da tsohuwar moto, wato babur, da ganga, har ya tashi. Yanzu masu baje kolin Kano sun aiko da takarda cikin Ingilishi ya sa hannu cewa injin aikinsa ne, kuma motar da za ta kai ta da azahar za ta tashi.

Tahira, ɗiyarsa mai koyar da Ingilishi a Tsibiri, ta sake ɗora yatsa a kan layin.

"Baba, kalma guda ce fa, create."

"Ba ke kika ce ita suke faɗi in Allah Ya halicci sama da ƙasa ba?"

"Ita ce. Kuma ita suke faɗi in mace ta fito da sabuwar miya, ko mutum ya kafa ƙungiya, kai, har in ya tada fitina."

"To ni ban halicci komi ba. Ƙarfe na iske, na yanka."

Suna cikin haka Zuliha ta yi sallama. Ita ce shugabar matan Jiratawa da suka gwada injin, ta zo neman sabon bel na injin. Ko zama ba ta yi ba ta buɗe masa tafin hannunta.

"Malam, duba. Bana ko kanta babu. Dami arba'in muka sussuke jiya kafin la'asar."

Tahira ta ce, "Inna, can baya kin taɓa ganin irin wanga inji?"

"A ina? Ubanki ya ƙago shi. Kowa ya sani."

Maman Lawali ya daɗe yana kallon hannun nan. Ya yi gyaran murya.

"Tahira, ƙagowa ma tana cikin kalmar taku?"

"Tana ciki, Baba."

Ya goge baƙin mai a jikin rigarsa, ya ɗauki biro, ya rubuta sunansa da ajami, manya-manya, har ya haye layin ƙasa.

"In mun je Kano," in ji shi, "ki gaya masu mu nan mun raba ta Allah da ta bawa. Su ne kalmomi suka yi wa kaɗan."