Ƙarar da Hajiya Zakiya Ta Kai

"Rubuta," in ji Hajiya Zakiya, ta buga tebur da tafin hannu. "Wani mutum ya sace mini waƙa."

Saleh, mai cika wa mutane takardu a wani ɗan shago a unguwar Bani Malik a ƙasa mai tsarki, ya gyara zama gaban kwamfuta. Ya saba da masu sabunta iƙama, wato takardar zama, da waɗanda kafili, uban gidan da ya tsaya musu, ya juya wa baya, amma waƙa kam, yau ya fara gani.

"Sunansa, ya hala?" Haka yake kiran ta, wato inna da Larabci.

Zakiya ta zunguri jikarta Raghad, wadda ta baro aikinta a kantin magani don ta rako ta. Raghad ta duba waya. "Kormak Tumulti."

"Lambar iƙama?"

"Ba shi da ita."

"Ka ji ko?" in ji Zakiya. "Ga sata, ga rashin takarda."

Shekara arba'in Zakiya tana waƙar biki, kuma da waƙa ɗaya aka san ta, ta rakiyar amarya. Duk wanda ya zauna unguwar Karantina kafin a rushe ta zai rantse maka cewa kakarta Khadijatu ce ta taho da waƙar daga Kano a ƙafa. Shekaranjiya Raghad ta ɗora bidiyonta a intanet, sai aka kashe sautin, wai karin na wani mawaƙin Turai ne. Magana ta kai kunnen Mansura, wadda za a kai 'yarta ɗakin miji yau bayan la'asar, ta aiko cewa sai an yi mata bayani. A sana'arsu mawaƙiya ba ta taɓa ganga sai ta lissafa waɗanda ta karɓi waƙa daga hannunsu, kuma wadda aka kama da ƙarya a nan, ba mai sake gayyatar ta.

"Ɗan ina ne?" in ji Saleh.

"Ayalan. Wani tsibiri ne bayan Ingila. Kaka, wallahi na gaya miki ya mutu, fiye da shekara ɗari da hamsin," in ji Raghad.

"Ya mutu ɗin. Ba shi da dangi?"

"Kwamfuta ta ƙi wucewa," in ji Saleh. "Sai da lambar wayarsa."

"Sa tawa. In an kira ni zan isar masa."

Saleh ya leƙa wayar Raghad, ya yi lissafi da yatsu, ya yi gyaran murya. "Ya hala, lokacin da ya rubuta ta ba a haifi kakarki ba."

"To ta yaya ya ji ta? Ka ga makircin ke nan. Kunna mini in ji abin da ya mayar da ita."

Raghad ta kunna. Fiyano ne, a hankali, kamar mai tafiya da ciwon ƙafa. Amma waƙar ce, har da ɗan hawan nan da mata ke fara share hawaye a kansa. Raghad tana karantawa tana fassarawa, rabi Hausa rabi Larabci: malamin kiɗa ne, ya yi waƙoƙi kusan ɗari biyu. Wannan ya yi ta ne a bakin tashar jirgin ruwa a shekarun yunwa, yana kallon mutanen garinsu suna shiga jirgi bayan masu ƙasa sun rushe musu gidaje.

Zakiya ta ƙara karkata kunne ga wayar. Ita dai ba ta taɓa jin zancen Kano daga bakin kaka Khadijatu ba, mahaifiyarta Rahma ce ke faɗa wa baƙi. Abin da tsohuwar ke yawan ba da labari shi ne wankin da ta yi a gidan wani Bature wakilin jiragen ruwa kusa da tasha, da matarsa wadda kullum da yamma take zama bakin taga tana danna wani akwati mai haƙora tana kuka.

"Rushe musu aka yi?"

"Haka aka rubuta."

"Yana jan ƙafa a tsakiya, wurin nan ganga yake so. Amma yana da kunne." Ta miƙe ta gyara abaya. "Goge, Saleh. Halas, shi ke nan. Raghad, yalla, mu tafi."

Bayan la'asar ɗakin biki ya cika da matan Karantina da aka warwatsa unguwa-unguwa. Mansura tana gaba, ta harɗe hannu. Zakiya ta ɗora ganga a cinya.

"Na karɓa daga uwata Rahma. Ita ta karɓa daga Khadijatu mai wanki. Khadijatu ta karɓa daga matar da ke kuka a taga. Ita kuma daga Malam Kormak na Ayalan, wanda aka rushe wa mutanensa gidaje suka shiga jirgi."

Sai wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa. "Allah sarki! Na san gidansu, bayan mai burodi suke!"

Mansura ta saki hannunta, ta matso. "Hajiya, Ayalan ɗin nan ta wajen Katsina take?"

"Gaba kaɗan," in ji Zakiya, ta buga ganga.