Ƙarnin Tagulla

Hansatu ta miƙa wa direba doguwar sandar da ta naɗe cikin buhu, ya jinjina ta, ya dube ta.

"Hajiya, tabarya ce ko mashi? Kar a tare mu a hanya saboda ke."

"Sandar rawa ce. Ka aje ta inda ba za a taka ba."

Ya zura ta gefen buhunan gyaɗa a bayan a-kori-kurar, Hansatu ta hau ta zauna kusa da ita, motar ta bar Batsari ta nufi Safana.

Sandar ta mijinta ce, marigayi Armaya'u. Gora ce aka lulluɓe da tagulla tun daga sama har ƙasa, ta fi mutum tsawo. A gidan biki yakan kafa ta a ƙasa, ya kama da hannu biyu, ya yi ta juyi a jikinta ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, mata na guɗa. In ya dawo gida kuwa, tafin hannunsa ya yi kore-kore, yana wani ƙarni kamar na tsofaffin kwabbai. Hansatu ta tsani ƙarnin nan. Shekara sha tara tana yanka masa lemun tsami, ta ɗebo toka, ta tsaya a kansa har ya goge kafin ya sa hannu a tuwo. In ya ce ai ya wanke, amsarta ɗaya ce: ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Mutumin kirki ne, sai ya yi dariya ya karɓi lemun.

Ranar da zai tafi gonarsu ta Ruma, daminar bara, ya ɗan yi wasa da sandar a tsakar gida kafin ya fita. Da ya zo yi mata sallama ya kai hannu zai riƙe nata, ta janye.

"Je ka wanke tukuna."

"In na dawo," in ji shi.

'Yan bindiga suka same shi a gona. Wannan janye hannun shi ne ya fi komai cin ranta har yau.

Bayan ta fita takaba suka dawo cikin garin Batsari ita da autarta Mahfuza. In ba kowa a gida, Hansatu takan je lungun da aka jingine sandar, ta goya hannuwa a baya kamar yadda ta saba, don ba ta taɓa yarda ta taɓa ta ba, ta sunkuya ta shinshina. Ba komai. Ƙarfe ne kawai mai sanyi. Ta yanke a ranta cewa ƙarnin ya bi mai shi kabari. Shi ya sa da Malam Tayyib, abokin rawar marigayi tun suna samari, ya aiko yana roƙon sandar, ba ta ja ba.

Ta same shi a tashar Safana, shi da 'yan ƙungiyarsa suna loda ganguna a bas, za su Katsina wasa. Suka gaisa, ya tambayi gida da yara da haƙurin rashi, ta amsa. Sai ta tura masa buhun.

"A'a, matar yayana, ba haka ake yi ba," in ji Tayyib. "Sandar rawa ba a bayar da ita a ƙunshe kamar kayan sata. Wani na gidan mai ita zai riƙe ta tsirara, ya miƙa hannu da hannu. Haka ubangidanmu ya ba shi."

Ta so ta ce wannan ai bidi'a ce, amma idon mutane na kanta. Ta kwance buhun ta kama. Daidai nan direban bas ya ɗaure wata babbar ganga a karkace, Tayyib ya ruga yana faɗa. Aka bar Hansatu tsaye cikin rana, riƙe da sanda da hannu biyu, gumi na bin ta, tana jin kunya kamar wadda aka kama tana rawar. Sai da aka kwance igiya aka sake ɗauri sannan ya dawo yana ba da haƙuri.

"Kin tabbata kuwa? In ranki bai so, wallahi ki koma da abarki, ba komi."

"Ɗauki, Malam Tayyib. Babu abin da ya rage nashi a jikinta."

Ya karɓa ya yi wa marigayi addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Direba na ta danna ham. Tayyib na sa ƙafa a mota ya waiwayo.

"In kin je gida ki nemi lemu, ta bar maki tsaraba. Ita tagulla ba ta wari don kanta, sai ta sha gumin mutum."

Ba ta sa maganar a rai ba. Bas ta tashi, kan sandar ya leƙo ta taga yana ƙyalli.

Sun yi nisa a hanyar komawa wata babbar mota ta wuce su tana tuttula baƙin hayaƙi. Hansatu ta kai hannu ta toshe hanci, sai ta ji Armaya'u. Ƙarnin nan ne, bai canza ba ko kaɗan. Ta buɗe tafin ta duba, ya yi kore-kore a tsakanin yatsu. Ashe duk watannin nan yana jingine a lungun ɗakinta, abin da kawai ake so shi ne ta kama. Ta ciro waya ta nemo lambar Tayyib, ta daɗe tana kallonta. Ta bayar a gaban mutane, hannu da hannu, kuma mutumin ya tambaye ta har da rantsuwa. Ta mayar da wayar cikin jaka, ta rufe fuska da hannun, matar da ke kusa da ita ta ɗauka jiri ne ta ce mata sannu.

Ana kiran la'asar ta shiga gida. Mahfuza ta karɓi mayafinta, sai ta tsaya cak ta ja hanci.

"Inna, warin Baba."

Ba ta jira an aike ta ba, ta shiga madafa ta dawo da ɓarin lemu da toka a murfin kwano, yadda ta tashi ta ga ana yi a gidan. Ta aje kusa da buta.

Hansatu ta tsuguna ta dubi lemun.

"Mayar da shi."

"Ai ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, Inna. Ke kike faɗa."

"Na sani," in ji Hansatu. "Allah ya sa gaskiya na faɗa."

Ta yi bisimilla, ta karkata butar a hankali.