Ranar Da Muka Kwashe Ɗakin Mai Rediyo

A wannan makon na yi niyyar rubuta muku bayani kan sababbin hotunan taurari da suka fito a labarai, har na cika shafi guda. Na ajiye shi. Abin da na gani ranar Asabar ya hana ni sakat.

Muna da ƙungiya ta masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya, irin na jiragen sararin samaniya da baƙin halittu. Wani dattijo ne ya kafa ta, muna kiransa Mai Rediyo saboda sana'arsa ke nan. A bayan shagonsa akwai ɗan ɗaki mai warin dalma da tsohuwar takarda, katako cike da littattafai da mujallu har rufi. Nan muke zama duk Asabar. Shi ya fara sa ni rubutu. In na kawo labarin kimiyya daga jarida, sai ya sauke tabarau ya ce, "Wa ya auna? Sau nawa?"

Makonni uku ke nan da rasuwarsa. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kira ni a waya.

"Kawu, za a karɓi shagon ƙarshen wata. Littattafan nan ba ni da wurinsu. Ku zo ku zaɓa, ku ne mutanensa."

Na sanar a zaurenmu na waya. Mutum huɗu ne kawai cikinmu suka je jana'izarsa. Ranar Asabar goma sha ɗaya suka zo, wasu da buhu.

Wanda muke kira Kyaftin ya iso sanye da rigar nan tasa mai walƙiya ta matuƙan kumbo, wai girmamawa ce ga marigayi. Ko gaisuwa bai gama ba ya wuce ciki. Farfesa na biye da shi. Ba farfesan komai ba ne, hoton takardu yake yi a kusa da tasha, amma ya haddace sunan kowane jirgi a kowane fim.

"Fitowa ta farko tawa ce," in ji Farfesa, ya ɗora hannu kan jerin mujallun. "Da bakinsa ya ce mini."

"Ya ce maka a mafarki?" Kyaftin ya fizge.

Bangon mujallar ya rabu biyu a hannunsu. Kowa ya dubi rabinsa, suka yar a ƙasa, suka kai hannu ga ta gaba. Sauran suka afka. Wani ya taka kujerar tsohon don ya kai katakon sama, katakon ya ɓalle, littattafai suka zubo kan teburin aiki suka fasa gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi. Babu wanda ya ko waiwaya. Mutanen da muka shekara muna muhawara da su kan yadda ɗan Adam zai zauna lafiya da halittun wata duniya, ga su suna gwara kai a ɗaki mai taku huɗu.

Can Farfesa ya zaro wani littafin rubutu daga aljihun tebur. Ya buɗe, ya fashe da dariya.

"Jama'a, ashe tsoho ma marubuci ne! Ku saurara." Ya maƙale murya. "'Sai na ce mata, riƙe hannuna, a can sama babu nauyi, ƙafafunki ba za su yi ciwo ba.' Kai! Soyayya a kumbo!"

Aka kwashe da dariya. Kyaftin ya ce ko sunan injin jirgin bai iya rubutawa daidai ba.

'Yar na tsaye a ƙofa da faranti cike da kofunan shayi. Ban san tun yaushe ba.

"Lokacin da mahaifiyata ke kwance ya rubuta," ta ce. "Kullum yana karanta mata shafi ɗaya. Ba ta iya tafiya a lokacin."

Sai Kyaftin ya gyara wuyan rigarsa ya ɗaga waya.

"Allah sarki. 'Yar'uwa, ki riƙe littafin mu yi hoto, mu sa a zaure. Zai taɓa zuciyar mutane."

Nan na fashe. Na ce musu ungulaye, na ce kunya ta ƙare a duniya, na faɗi abin da ba zan maimaita a nan ba. Farfesa ya bari na gama, sannan ya nuna kafaɗata da leɓe.

"To, malam marubuci, jakarka fa? Na ga ta yi ciki."

Mujallu uku ne a ciki. Tun shigowata na zare su, kafin a fara rububi, na gaya wa kaina adana su nake yi. Yarinyar ta dubi jakar, ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ajiye farantin a kan wata matacciyar talabijin, ta karɓi littafin daga hannun Farfesa.

"Kowa ya ajiye abin da ya ɗauka. Na fasa."

Suka fita suna gunaguni, wani na cewa ai ita ta gayyace mu. Na zube nawa a tebur na bi bayansu kamar ɓarawon da aka yafe wa.

Washegari na koma da tsintsiya da kwalaye. Ta buɗe mini, ba fara'a, ba kora. Muka yi aiki har la'asar. Littattafan ta ce za ta kai ɗakin hutun majinyata a wurin aikinta, inda mutane ke kwana da wuni suna kallon bango.

A ranar Kyaftin ya sa dogon rubutun ta'aziyya a zaure, da hotonsa a gaban katakon, yana cewa marigayi uba ne a gare shi. Mutum tara suka sa alamar kuka. Na fita daga zauren.

Da na ɗora kwali na ƙarshe a motarta, na ce, "'Yata, ki yafe mini."

Ta rufe but ɗin motar da ƙarfi, ta share hannu a siket.

"Baba ya sha cewa kai ne mai hankalin cikinsu," ta ce. "Sai an jima, Kawu."