Sunan Mode a Ƙasan Shafi

Mijina Mode sunansa, ko da yake ban taɓa kiransa da shi ba sai yau da nake rubutawa. Malam nake ce masa. Kiwo ya gada, kiwo ya yi har ƙafa ta gaza. Ba abin da ya sani kamar burtalin da ya taso daga Horo Birni ya gangara fadama, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa tun kaka da kakanni. Burtalin nan Alhaji Lawali ya nome rabinsa ya shuka gero, ya kuma ce wai ba a taɓa yin hanyar shanu a wurin ba.

Saifuddeen ɗan ƙanen Malam ne, boko ya ratsa shi, yana zaune Boɗinga. Ya zo ya ce zai rubuta tarihin ƙasarmu da Hausa. Ya ajiye waya gaban Malam tana ɗaukar murya, Malam ya yi ta zuba, ya faɗi inda burtali ya fara da tsamiyar da ke iyakarsa. Yaron ya je wajen Alhaji ma, wai mai ilimi ba ya jin ɓangare ɗaya.

Daga baya ya dawo da kwamfuta ya nuna mana. Bayan kowace magana akwai 'yar lamba kamar ƙwayar gero, in ka bi ta zuwa ƙasan shafi sai ka ga sunan wanda ya faɗe ta. Ta Malam ɗari da sha biyu ce. Ya riƙe lambar nan kamar sandarsa. Har kasuwar Shagari abokansa suka riƙa tsokanarsa da ita, suna ce masa Ɗari da Sha Biyu. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce gara shi, ko ya mutu maganarsa na da lamba.

Ya rasu da damina, littafi bai fito ba.

Na fita takaba ba da daɗewa ba aka kira ni Boɗinga bikin ƙaddamar da littafin. Rumfa, lasifika, manyan riguna. Alhaji Lawali ne a kujerar gaba. Mutum bayan mutum ya tashi ya yabi littafin da ko buɗe shi bai yi ba. Aka miƙo mini guda kamar sadaka.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bi, amma ina kaiwa. Da na koma gida na shiga neman ɗari da sha biyu. Lambobin su hau, su kai talatin da wani abu, sai su faɗo su koma ɗaya, kamar ƙadangare a bangon siminti. Kowane babi haka. Sai na bar lamba na bi magana. A babi na huɗu na tarar da zancen tsamiya, bakin Malam sak, amma sunan da ke ƙasa na wani limamin Sifawa ne. Gaba kaɗan ga zancen Alhaji, cewa ba a taɓa yin burtali a wurin ba. Na bi lambarsa ƙasa. Mode makiyayi, Horo Birni.

Na hau mota na koma Boɗinga. Saifuddeen ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo fura. Ban sha ba. Na buɗe shafin na ɗora yatsa.

Ya yi ta bayani. Wai masu ɗab'i ne suka ce ɗaruruwan lambobi ba su da kyan gani, kowane babi ya fara daga ɗaya. Wai kwamfuta na da wurin da ake taɓawa ta sake lissafin da kanta, sunan mutum ba zai rabu da maganarsa ba, amma shi tun farko da hannu ya buga lambobinsa, don haka da hannu ya sake su, guda ta zame, na bayanta suka bi ta.

"Inna, ɗan kuskure ne, za a gyara a bugu na biyu."

"Kai, ɗan nan, wa ya gama karanta na farko balle a yi na biyu? Babanka ka sa ya yi wa Lawali shaida daga kabari, don shafi ya yi kyan gani."

Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri dai, abin da ba ya ƙarewa a bakin wanda bai yi asara ba. Na tambayi inda sauran littattafan suke. Ya ce yawancinsu Alhaji ya kwashe ranar biki, yana rabawa. An ce ɗaya na zauren mai gari, an naɗe kunnen shafin da sunan Malam yake.

Na dawo gida na ɗauki reza na kankare sunan Malam daga nawa littafin, a hankali, har takardar ta huje. Washegari na yafa mayafi na nufi zauren mai gari, rezar na ƙulle a bakin zanena.